Wa Kake Ɓoye wa Rubutunka? Zaɓi Tsakanin Kwaɗon Word, 7-Zip, VeraCrypt da BitLocker

Kwanakin baya gilashin kwamfutata ya tsage, na ɗauke ta na kai wa wani mai gyara a shagunan da ke kusa da Taminus a nan Jos. Yaron kirki ne, kuma ya iya aikinsa. Ya kwance, ya sa sabon gilashi, ya kunna, sai ya ɗago kai ya ce, "Malam, mene ne fasuwod ɗin? Ina so in ga ko kala ta fito daidai." Na faɗa masa ban yi tunanin komai ba. Tana buɗewa ga foldar littafin da na shekara biyu ina rubutawa a tsakiyar allo, sunanta ɓaro-ɓaro. Kusa da ita ga ta hirarrakin da na ɗauka da wasu dattawan garin nan, waɗanda suka yi min magana bisa amanar ba za a ji sunansu ba. Ya ce akwai wata siririyar waya a ciki da take so a sauya, in dawo bayan La'asar. Na bar ta na fita. Bai taɓa min komai ba, amma tun daga bakin shagon har keke ya sauke ni a Bauchi Road zuciyata ba ta kwanta ba. Littafin nawa ne, in ya fita ni na yi asara. Muryoyin dattawan nan kuwa ba nawa ba ne.

Daga ranar na zauna na gwada hanyoyin kulle rubutu ɗaya bayan ɗaya. Da farko tambayar da nake yi ita ce wace manhaja ce ta fi ƙarfi, daga baya na gane ba nan gizo ke saƙar ba. Kusan dukkansu da ƙarfe ɗaya aka ƙera su, wani tsari da ake kira AES, wanda masana biyu 'yan Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka ƙirƙiro, hukumar ma'aunai ta Amurka kuma ta amince da shi a 2001. Aikinsa shi ne ya hargitsa rubutu ya koma tarkacen da ba ya karantuwa, ba mai dawo da shi sai mai riƙe da makulli. Inda suka bambanta shi ne abin da kowacce take rufewa, da abin da take bari a buɗe. Don haka kafin ka sauke kowace manhaja ka tambayi kanka: wa nake ɓoye wa? Ɓarawon da zai fizge jaka? Mai gyara da 'yan gida da suke taɓa kwamfutar da izinina? Ko wanda fayil zai bi ta hannunsa a filash ko a intanet?

Bari in fara kawar da abin da ya fi yaudarar mutane. Kalmar sirrin da kake bugawa idan Windows ta tashi, ita kaɗai ba ta hargitsa komai. Kwaɗo ne a ƙofar zaure, katanga kuwa iya gwiwa. Duk wanda ya ciro had-disk ɗinka ya jona a wata kwamfutar, ko ya tayar da taka da filash mai ɗauke da Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows, zai ga fayilolinka kamar yadda kake ganinsu. Tana hana ƙaninka buɗewa ya kalli fim, iyakarta ke nan.

Kwaɗon da ya fi kusa da hannu shi ne na Word. Ka shiga File, ka taɓa Info, sai Protect Document, sai Encrypt with Password, ka buga kalmar sau biyu, ka adana. Ko minti ɗaya ba ya ci, ba ka sauke komai ba, kuma kulle ne na gaske. Daga Office 2007 zuwa 2013 AES ne mai makullin da tsawonsa bit 128 ne, daga 2016 aka ɗaga zuwa 256, dukansu sun wadatar. LibreOffice, manhajar rubutu irin Word wadda kyauta ce, ita ma tana da irinsa a wurin adanawa. Amma akwai ramuka biyu da na ga mutane suna faɗawa. Na farko, in fayil ɗinka tsohon samfuri ne mai ƙarewa da doc maimakon docx, irin na Word 97 zuwa 2003, kwaɗonsa na kwali ne, ana fasa shi komai tsawon kalmar da ka sa. Har yanzu akwai masu adanawa a haka don tsoron kada kwamfutar shagon buga takardu ta ƙi buɗewa. Na biyu, abin da ake kira Restrict Editing ba kulle ba ne. Kamar ka manna takarda a jikin akwati ne ka rubuta "kada a taɓa". Haka ma PDF da aka hana kwafa ko bugawa amma yana buɗewa ba tare da kalmar sirri ba, cire wannan hanin ba wuya.

Matsalar kwaɗon Word ta gaskiya kuwa daga ɗabi'ar marubuci take. Wa yake da fayil ɗaya tak? Akwai babi na uku, akwai babi na uku gyararre, akwai wanda ka tura wa aboki ya dawo da shi ya kwanta a foldar saukewa, ga hotuna, ga sautin hira, ga 'yar takardar da ka jera sunayen mutanen labarin. Sai ka kulle ɗaya ka bar goma a waje. Sunan fayil ɗin ma kowa yana gani. Ga wanda aikinsa duka a cikin fayil guda yake, kamar ɗalibin da yake rubuta furojet ɗin kammala digiri a Jami'ar Jos da ke Naraguta, ko mai rubuta littafin sirrin zuciyarsa, wannan ya ishe shi, ba sai ya wahalar da kansa ba. Mai tarin fayiloli kuwa ya duba gaba. Masu aiki da Scrivener, manhajar tsara rubutun littafi, su sani ita ba ta da kwaɗo nata ko kaɗan, aikinka a cikinta folda ce cike da ƙananan fayiloli, dole daga waje za a kulle ta.

7-Zip ita ce ɗaurin kaya. Wani ɗan Rasha, Igor Pavlov, ya fitar da ita a 1999, kyauta ce, kuma ba ta da nauyi ko a tsohuwar kwamfuta. Ka tattara folda guda ka ƙulle ta cikin ƙunshi ɗaya mai kalmar sirri. Ka zaɓi samfurin 7z, ka kuma sa alama a Encrypt file names, in ba haka ba mutum zai ga jerin sunayen abin da ke ciki ko da bai iya buɗewa ba. In dole sai zip, ka tabbata AES-256 ka zaɓa, ba ZipCrypto ba, wanda ya tsufa ya yi rauni. Wajen aika wa edita littafi, ko ajiye kwafi a filash, ko jefa shi cikin Google Drive, ban ga wadda ta kai ta sauƙi ba, kuma a wayar Android manhajar ZArchiver tana buɗe ƙunshin. Sai dai kada ka tura kalmar sirrin ta hanyar da ka tura ƙunshin. In ta imel ya tafi, ka kira mutumin ka faɗa masa da baki.

Amma ba a zama cikin ɗaurin kaya. Na gwada yin aikin kullum da ita na mako biyu: ka kwance, ka rubuta, ka sake ɗaurewa, ka goge kwafin da ke waje. Ranar da ka yi rubutu har ƙarfe ɗaya na dare, sanyin Jos yana shiga ƙashi, yatsu sun sandare, ba za ka sake ɗaure komai ba, rufe murfi za ka yi ka shige bargo. Ban da haka, duk sanda ka buɗe fayil daga cikin ƙunshin sai an zube kwafinsa a wata foldar wucin gadi ta Windows. Kwaɗon da yake neman ka tuna da shi kowane dare, wata rana sai ka manta.

Nan ne VeraCrypt ta shiga raina. Asalinta daga wata tsohuwar manhaja ce, TrueCrypt, wadda masu ita suka daina kula da ita kwatsam a watan Mayun 2014. Wani masani a Faransa, Mounir Idrassi, ya riga ya fara gina VeraCrypt a kan tushenta tun 2013, a 2016 kuma wani kamfanin tsaro mai suna Quarkslab ya bincike ta, aka gano kurakurai aka gyara. Wannan ya ƙara min natsuwa, don abin da ƙwararru na waje suka buɗe cikinsa suka duba ya fi wanda mai shi kaɗai yake yabo. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux.

Ka ɗauke ta kamar adakar ƙarfe irin ta iyayenmu mata. Kana ƙirƙirar fayil ɗaya babba, ka yanka masa girma, ka sa kalmar sirri. Akwai wani mataki da za ta ce ka yi ta yawo da linzamin kwamfuta a kan allo ba tsari, daga wannan watangaririyar take haɗa makulli. Da an gama, duk sanda ka buga kalmar sai adakar ta bayyana kamar ka jona filash, da harafinta, misali M. Ka zuba komai a ciki: surori, hotuna, sauti, aikin Scrivener gaba ɗaya. Ka buɗe Word ka yi rubutu kai tsaye a ciki, duk abin da ka adana a hargitse yake sauka. Ka tashi ka sauke ta, sai ta koma dunƙulen fayil marar ma'ana. Kana iya saita ta ta rufe kanta in an ɗauki wasu mintoci ba a taɓa ta ba, ni wannan ne ya raba ni da matsalar mantuwar dare. Giga ɗaya ko biyu sun ishi mai rubutu zalla, mai tara sauti ya ƙara. In kana son kwafe adakar zuwa filash, ka tuna filash mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4.

Ba zan ɓoye nauyinta ba. Fuskarta ba ta da fara'a ga baƙo, ranar farko sai ka nemi wanda ya sani ya zauna kusa da kai. Ba ta da manhajar waya daga masu ita, don haka marubutanmu da rabin aikinsu a waya yake, musamman mata masu rubuta littattafan da ake sayarwa ta WhatsApp, ba za ta bi su can ba. Tana neman izinin mai kwamfuta kafin ta tashi, ke nan a shagon buga takardu da wuya ka buɗe ta, ko da yake bai ma kamata ka buɗe adakarka a kwamfutar da kowa yake taɓawa ba. Sai batun wuta. Da yawa cikinmu kwamfutar hannu ta biyu muke riƙe da ita, batir ya mutu, ana ɗauke wuta tana mutuwa. In hakan ta faru adaka tana buɗe ana cikin adanawa, daidai yake da fizge filash, abin da ke ciki yana iya lalacewa. Kuma tunda komai a dunƙule ɗaya yake, ɓarnar tana iya yin yawa. Maganinsa kwafi na biyu a wani wuri, ba na wasa da wannan. Masu Scrivener kuma su duba inda take zuba kwafin ajiyarta na kai-da-kai, don a waje take ajiyewa sai in kai ka nuna mata wani wurin.

BitLocker kuwa ba adaka ba ce, katangar gidan ce gaba ɗaya. Tun zamanin Windows Vista take, tana hargitsa had-disk ɗin duka, har da foldar wucin gadi da tarkacen da ba ka san suna nan ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don fayil ɗin da ka goge bai tafi ba, manhaja irin Recuva tana iya tono shi. Tsofaffin kwafin littafinka da ka share bayan ka zuba su a adaka, katanga ce kawai take rufe su, shi ya sa a kwamfutar da aka daɗe ana aiki da ita gara ka zaɓi hargitsa faifan duka maimakon iya inda ke da kaya. Cikakkiyarta tana cikin Windows Pro da Enterprise da Education. Masu Home suna da ƙaramarta mai suna Device Encryption in kwamfutar ta cika sharuɗɗa. Masu Mac suna da FileVault, aiki ɗaya suke yi. Daɗinta shi ne da ka kunna ka gama, ba ka ƙara tunawa da ita. Ɓarawo ya ɗauke kwamfuta a kashe, ƙarfe da roba ya samu.

To amma ka lura da abin da ya same ni a Taminus. Da ina da BitLocker ranar, da ba ta tsinana min komai ba, don ni da bakina na miƙa kalmar shiga. Katanga ba ta tare wanda ka buɗe wa ƙofa. Adaka ce take tare shi. Ita ma adakar ba ta rufe tarkacen da ya zube a tsakar gida. Wannan ne ya sa na daina kallonsu a matsayin kishiyoyi.

Akwai kuma haɗarin da BitLocker take ɗauke da shi wanda ya fi ɓarawo yawan cin mutane. Tana da makullin ceto mai lamba 48. Ranar da aka sauya uwar allon kwamfutar, wato motherboard, ko aka taɓa wasu saituna na can ciki, sai ka kunna ka ga shuɗin allo yana neman lambobin nan. Galibi suna ajiye a asusunka na Microsoft. Mu kuwa nawa ne cikinmu mai shago ne ya buɗe musu asusun ranar saye, da imel ɗin da ba su taɓa shiga ba? Ƙari a kan haka, sabuwar Windows 11, daga fitowar 24H2 ta 2024, takan kunna kullen da kanta idan aka ɗora ta sabuwa aka shiga da asusun Microsoft. Ƙanwata ta kira ni wani dare muryarta na rawa, "Yaya, wai lambobi take tambayata, gobe kuma zan kai babi na huɗu." Allah Ya taimake ta tsohon layin da aka buɗe asusun da shi yana cikin wayarta, muka shiga muka ciro makullin. Da ta yar da layin nan, babu mai gyaran da zai iya, Microsoft ma ba ta iyawa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Yau ɗin nan ka duba ko taka a kulle take, in haka ne ka kwafe lambobin a takarda, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga mai son aikinsa ya riƙa hawa Google Drive ko Dropbox kullum, adakar VeraCrypt ba ta dace ba, don gyaran layi ɗaya yana iya sa a sake ɗora dunƙulen gaba ɗaya, data ta ƙone. Cryptomator, ta wasu Jamusawa, don wannan aka yi ta: kowane fayil daban take hargitsawa, wanda ka taɓa shi kaɗai yake hawa. Kyauta ce a kwamfuta.

Duk waɗannan, ƙarfinsu bai wuce na kalmar da ka sa ba. Mai son fasawa ba ya kokawa da AES, kalmarka yake cinka da na'ura, sau miliyoyi. Sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa, lambar wayarka, sunan unguwarku, duk an gama da su. Tsawo ne yake ceto. VeraCrypt ma takan ja kunnenka in kalmar ba ta kai harafi 20 ba. Haɗa kalmomi biyar ko shida na Hausa da babu abin da ya haɗa su, irin tulu da jirgi da makani da alkali, ka ƙaga wani hoto a ranka da zai riƙe maka su. Kada ka ɗauki karin magana ko baitin waƙa da kowa ya sani. Kuma ka guji haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Na san muna son rubuta harshenmu daidai, ni ma ina yaƙi a kan haka, amma ranar da ka zauna gaban kwamfutar da ba a saita mata su ba, za ka san kalmarka sarai ka kasa buga ta.

Abu ɗaya da babu kwaɗon da yake yi: da ka miƙa wa mai karatu littafi ya buɗe, ya fita daga hannunka. Zai iya ɗaukar hoton allo ya watsa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana bayanka, amma bin sawun littafin da ya riga ya zaga zaurukan WhatsApp ihu ne bayan hari. Haka shagon buga takardu. Ka kai musu PDF na iya shafukan da za a buga, ka tsaya a kai har a goge daga kwamfutarsu da kwandon shararta.

In ka ce in zaɓa maka: mai fayil ɗaya, kwaɗon Word a docx, da kwafi a ƙunshin 7z a filash. Mai yawo da kwamfuta tsakanin Jos da Abuja wanda sata ce fargabarsa, BitLocker ko FileVault, da makullin ceto a takarda. Wanda kwamfutarsa ta gida ce, yara da ƙanne suna taɓawa, ko yake riƙe da sirrin wasu, ɗan jarida ko mai bincike ko mai rubuta tarihin iyali, VeraCrypt ba makawa. In kuma ɗaya tak za ka iya ɗauka, ni adakar zan ce, don a rayuwarmu hannun da muka sani ya fi yawan taɓa kwamfutarmu fiye da hannun ɓarawo.

Ni yanzu biyun na haɗa. Katanga tana nan, na kuma buɗe wani asusun shiga na biyu marar iko, babu komai a cikinsa, shi nake ba mai gyara. Adaka biyu gare ni, ɗaya ta littafi, ɗaya ta hirarrakin dattawa, kowacce da kalmarta. Duk ranar Juma'a bayan na dawo daga masallaci nakan kwafe su a filash, farkon wata kuma in gwada buɗe kwafin a kwamfutar ƙanwata, in karanta shafi ɗaya, in tabbata yana raye. Kalmomin sirrin da lambobi 48 suna rubuce da biro a cikin ambulan, a jakar da takardun fili suke. Na nuna wa maiɗakina wurin. A bayan ambulan na rubuta cewa in ta Allah ta kasance a buɗe ta littafin a ba yara, ta hirarrakin kuwa a miƙa filash ɗin da kalmarsa ga abokin aikin da muka je gidajen dattawan tare, shi ya san alƙawarin da muka ɗauka a kowane zaure.